Nazarin Lamari: Matar da Amai Ke Taso Mata Tun Kafin a Ɗaura Ruwan Kemo

Majinyaciyar mace ce mai shekara 46, uwar 'ya'ya uku. An gano sankara a mamanta na hagu, mataki na biyu. Aka yi tiyata aka cire ƙarin tare da wasu kaluluwa na hamata, aka tarar cutar ta riga ta kai ga biyu daga cikinsu. Tsarin da likitan kansa, wato sankara, ya ɗora ta a kai sananne ne: kemo, maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya, zagaye huɗu na doksorubisin da saiklofosfamaid, duk bayan kwana 21, sannan faklitaksel mako-mako har sau 12, daga nan sai gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura. Tun ranar farko an faɗa mata cewa warkewa ake nema da wannan magani.

Zagaye na uku ba ta zo ba. Aka kira waya, maigidanta ya ce jikin ne babu daɗi. Sai bayan kwana tara ta bayyana, kuma tun a bakin ƙofar ɗakin kemo, kafin kowa ya taɓa ta, ta juya da sauri ta yi amai a kwandon shara. Rabonta da maganin wata guda ke nan, don haka babu ko ɗigonsa a jininta da za a ɗora wa laifi.

Abin da aka gano da aka zauna da ita

Nas ɗin da ke kula da ita ta fara da tambayar da ta fi kowacce amfani: yaya zagaye na farko da na biyu suka kasance a gida? Amsar ta warware rabin matsalar. An sallame ta da ƙwayoyin hana amai, amma ta ɗauka sai zuciya ta fara tashi ake sha. Kafin ta sha, aman ya riga ya kankama, ƙwayar ma ba ta zama a ciki. Kwana biyu ta yi tana kelaya amai a karon farko, kwana uku a na biyu. Haɗin doksorubisin da saiklofosfamaid yana cikin waɗanda suka fi tayar da zuciya, kuma maganin hana amansa da agogo ake shan sa, ko da zuciya lafiya lau take.

Daga nan jiki ya koyi darasin da ba a so ya koya. Doksorubisin ja ne jawur, a babban sirinji ake tura shi a hankali cikin jijiya, har fitsari yakan rine na kwana ɗaya ko biyu. Ƙwaƙwalwarta ta ɗaure wannan jan launi, da warin sifirit na audugar goge hannu, da ƙarar na'urar ƙarin ruwa, duk a wuri ɗaya da aman da ke biyo baya. Irin koyon nan ne da masanin Rasha Faflof ya nuna da karnukansa, masu zubar da miyau da jin alamar da ta saba zuwa kafin abinci. Binciken farko-farko ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na masu karɓar kemo sukan kamu da wannan tashin zuciya mai zuwa tun kafin a ba da magani zuwa zagaye na huɗu, musamman waɗanda ba su kai shekara 50 ba da waɗanda aman farko ya wahalar. Ita kam ta cika duka sharuɗɗan. Har ta kai ga in ta ga jan abin sha a kofi, bakinta ya cika da miyau.

Aka ba ta ma'aunin damuwa, wato layi mai lamba daga sifili zuwa 10 da majinyaci ke nuna inda yake. Daga 4 zuwa sama ake tura mutum wajen ƙwararre. Ta nuna 8. Barcinta bai wuce awa uku zuwa huɗu ba a dare.

Sai kuma abu na biyu, wanda bai fito ba sai a zama da masaniyar halayyar ɗan Adam. Ƙanwar majinyaciyar, cikin kyakkyawar niyya, ta tura mata wani sauti a waya tun bayan tiyata. Muryar da ke ciki tana umartar mai sauraro ya rufe ido ya suranta fararen ƙwayoyin jininsa a matsayin rundunar sojoji da ke far wa ƙwayoyin sankara suna karkashe su, sau uku a rana. Ƙanwar kuma ba ta da wata magana sai, “Yaya, don Allah ki daina kuka, tsoro ne ke ciyar da cutar nan.” Majinyaciyar ta bi umarnin sau da ƙafa na tsawon mako shida. Ga yadda ta kwatanta sakamakon: “Likita, ina ganin sojojin nan, amma kullum su ake ci da yaƙi. In na buɗe ido sai in ce shi ke nan, ni da kaina na ƙara wa abin ƙarfi.” Ta daina kuka a gaban kowa. Ta koma yi a banɗaki, tana fitowa da sabon tsoro cewa kukan ya ja mata wani abu.

Inda wannan tunani ya samo asali, da abin da bincike ya ce

Surantawar sojoji ba ƙirƙirar mai sautin ba ce. Ta samo asali ne daga Kal Saimonton, likitan gashin sankara a Amurka, wanda a shekarun 1970 shi da matarsa ta lokacin suka riƙa koya wa majinyata su zana wa kansu hoton garkuwar jiki tana cinye ƙari. Littafinsu na 1978 ya bazu sosai. Sai dai rahotanninsu ba su da rukunin kwatantawa na ƙwarai, kuma a farkon shekarun 1980 Ƙungiyar Kansa ta Amurka ta sa hanyar cikin jerin waɗanda ba a tabbatar da amfaninsu ba.

Maganar ta sake samun ƙarfi a 1989, lokacin da Debid Sifigel na Jami'ar Sitanfod ya wallafa a mujallar Lancet cewa cikin mata 86 masu sankarar mama da ta yaɗu, waɗanda suka shiga zaman tallafin rukuni sun rayu wata 36.6 a matsakaici, sauran kuma wata 18.9. Bambancin ya girgiza masana. Amma da Famela Gudwin ta maimaita gwajin a Kanada da mata 235, sakamakon 2001 ya nuna tsawon rai kusan ɗaya ne a rukunonin biyu, duk da cewa masu zaman rukuni sun samu sauƙin damuwa da raɗaɗi. Shi kansa Sifigel ya sake gwadawa da mata 125, kuma a 2007 bai samu bambancin da ya gani da farko ba. Haka zancen “zuciyar yaƙi”: binciken Magi Watson na 1999 a Ingila, kan mata 578, bai ga ta ƙara wa kowa kwana ba. Abin da ya gani shi ne masu yanke ƙauna gaba ɗaya sun fi fuskantar dawowar cuta, wanda ke nuna a nemo su a yi musu magani, ba a tsawata musu ba.

Gwajin da ya fi kusa da wannan lamari shi ne na Lesli Woka a Abadin ta Sukotilan, 1999. Mata 96 masu karɓar kemo, aka koya wa rabi sassauta jiki da surantawa. Waɗanda aka koya wa sun fi natsuwa, sun fi jin daɗin rayuwa. Girman ƙarin kuwa, yadda ya ragu a wannan rukuni haka ya ragu a wancan.

Wannan shi ne iyakar abin da za a iya yi wa majinyaci alkawari da gaskiya: sauƙin fargaba, barci, raguwar tashin zuciya, ƙarfin zama a kujerar kemo har a gama. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 1981 Janni Bonadonna na Milan ya nuna cewa matan da suka karɓi aƙalla kashi 85 cikin 100 na adadin kemon da aka tsara musu sun fi cin moriyarsa nesa ba kusa ba. Haɗin maganin da ya yi aiki da shi daban ne da na wannan mata, amma darasin bai sauya ba. Jinkirin kwana tara sau ɗaya ba zai rushe magani ba. Abin tsoron shi ne macen da ta yi amai a bakin ƙofa ta ƙi dawowa sam.

Abin da aka yi

Magani aka fara gyarawa, domin babu wata dabarar zuci da za ta yi tasiri muddin kowane zagaye yana sake koya wa jiki cewa kemo amai ne. Likita ya mayar da ita kan haɗin magunguna huɗu na hana amai: ondansetiron, deksametason da afrefitant kafin a ɗaura ruwa, da olanzafin da dare na kwana huɗu. Aka rubuta mata lokutan sha a takarda, aka ɗora wa babbar 'yarta alhakin saita ƙararrawar waya. Ya kuma ba ta ƙaramin adadin lorazefam, maganin kwantar da hankali, na daren jajibiri da safiyar kemo kaɗai, da gargaɗin kada ta tuƙa mota ranar. An lura da cewa deksametason na hana barci in an sha da yamma, sai aka tsayar da shan sa da safe.

Na biyu, aka ce ta goge sautin sojoji. Likitan kansa da bakinsa ya faɗa mata, a gaban maigida da ƙanwar: “Malama, tsoronki bai jawo wannan cuta ba, kukanki kuma ba ya ƙara mata girma. Duk ranar da kika ji kuka, ki yi abinki.” Ƙanwar ba ta ji daɗi ba da farko, ta ɗauka an raina ƙoƙarinta. Aka ba ta aikin da ya fi wancan amfani, ita ce mai rako ranar kemo kuma mai karanta rubutun sassauta jiki in an buƙata. Jimi Holand, likitar da ta kafa fannin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu kansa a asibitin Memorial Sloan Kettering na Niyok, ta riƙa kiran wannan matsin lamba da sunan mulkin danniyar tilasta fara'a. Dangi kan yi shi ne don su ma tsoro suke ji, kuma faɗa da su ba ya kai ko'ina.

Na uku, aka koya mata sassauta tsoka bi da bi, dabarar da ta samo asali daga aikin Edmond Jakobson tun shekarun 1920. Tana kishingiɗe, ta ɗaure tsoka ɗaya na daƙiƙa biyar zuwa bakwai da rabin ƙarfinta kawai, sannan ta sake ta na daƙiƙa 20 zuwa 30 tana lura da bambancin. Ana farawa daga tafin ƙafa, sha-raɓa, cinya, ciki, kafaɗa, muƙamuƙi, goshi. Hannun hagu, inda aka yi aikin hamata, an tsallake shi gaba ɗaya, kuma ranar kemo ba a ɗaure hannun da ke da allura. Numfashi kuwa, a ja ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga shida. Sakin ne ya kamata ya fi tsawo, shi ke kwantar da bugun zuciya. Minti 20, sau biyu a rana, a lokutan da take jin daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye dabarar sai ranar tashin hankali, alhali hannun da bai saba ba ba ya kama komai a lokacin gaggawa.

Sai surantawa. Aka ce ta zaɓi wurin da ranta ke kwanciya. Ta zaɓi ɗakin girkinta da safe, kuma cikin minti biyu ta buɗe ido tana yamutsa fuska: ƙamshin girkin da ta tuno ya tayar mata da zuciya. Kuskuren mai koyarwa ne, don bai kamata a bar mai fama da tashin zuciya ta shiga hoton da ke da wari ko ɗanɗano ba. Aka canza zuwa inuwar bishiya a gefen ruwa, aka tsaya kan ji da taɓawa kawai: sanyin iska a wuya, motsin ganye, taurin ƙasa a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ta ce ita ba ta “ganin” hoton sosai. Aka ce babu laifi, mutane da yawa haka suke, ji da sauti sun wadatar.

Babban aikin shi ne warware abin da jiki ya ɗaure, ta hanyar da Gari Moro na Jami'ar Rocesta da abokiyar aikinsa suka gwada kan majinyata 60 suka wallafa a 1982. Majinyaciyar ta jera abubuwan ranar kemo daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, mataki takwas: shirya jaka da dare, shiga mota, hango ginin asibiti, zama a layin jira, jin an kira sunanta, warin sifirit, sokin allura, jan sirinji. Bayan ta sassauta jiki sarai, sai a ce ta suranta mataki na farko na daƙiƙa 15 zuwa 20. In tashin zuciya ya haura 2 cikin 10, ta ɗaga yatsa, a mayar da ita inuwar bishiya har ya lafa, a sake gwadawa. Ba a hawa mataki na gaba sai ta wuce na ƙasa sau biyu a jere ba tare da ɗaga yatsa ba. Zama uku aka yi, kowane awa ɗaya, tsakanin zagaye na uku da na huɗu. Matakai biyar na farko sun wuce a zama ɗaya. Warin sifirit kaɗai ya cinye zama na biyu cur, sai da aka raba shi gida uku: ganin kwalbar a rufe, buɗe ta daga nesa, sannan audugar a fata. Gaggawa a nan ɓarna ce, domin in aka tura mutum mataki na sama yana cikin tashin zuciya, an ƙara ɗaure ƙullin da ake son kwancewa.

A ɗakin kemo ma an yi 'yan gyare-gyare. Aka ba ta lokacin farko da safe don rage zaman jira, ta juya fuskarta gefe yayin tura jan maganin, kuma aka hana ta sauraron waƙar da ta fi so a wurin, don kada ita ma ta koma abin ƙyama. Akwai kuma ƙa'ida guda da aka nanata: doksorubisin yana cin nama in ya fita daga jijiya. Duk zafi, ƙuna ko kumburi a wurin allura, a buɗe ido a faɗa wa nas nan take. Wannan ciwo ba na surantawa ba ne.

Inda aka yi tuntuɓe

Zagaye na huɗu ya zo da sauƙi. Ta shiga ɗakin da tashin zuciya 3 cikin 10, ba ta yi amai ba, a gida kuma sau ɗaya tak. Amma a rana ta goma bayansa, wajen la'asar, ta ji sanyi-sanyi, jiki na rawa, zuciya na bugawa da sauri. Ta ɗauka fargaba ce ta dawo. Ta kwanta ta shiga ƙirgen numfashi, huɗu, shida, huɗu, shida, har kusan awa huɗu. 'Yarta ce ta taɓa goshinta ta ɗauko ma'aunin zafi: 38.4.

Tsakanin kwana bakwai zuwa 14 bayan irin wannan kemo, fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a lokacin lamarin gaggawa ne, ana son a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isa asibiti. Aka kwantar da ita kwana huɗu, ta tashi lafiya. Amma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. An shafe makonni ana koya mata cewa bugun zuciya da rawar jiki alamun fargaba ne da numfashi ke kwantarwa, ba a haɗa da cewa zazzaɓi ma haka yake zuwa ba. Daga nan aka rubuta mata kati ta manna a bayan waya: kafin numfashi, ma'aunin zafi. Zazzaɓi, ƙarancin numfashi, ciwon ƙirji, zubar jini, ko aman da ya hana ruwa zama, duk na asibiti ne.

Tuntuɓe na biyu daga waje ya zo. Ganin ta samu sauƙi, wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta ajiye sauran kemon ta riƙe “hanyar zuci” da wasu ganyayyaki, tunda ai ga shi yana yi mata aiki. Ta kawo maganar asibiti da kanta, abin da ake fata ke nan. Aka nuna mata binciken Jami'ar Yel na 2018: masu kansar da ake iya warkarwa da suka zaɓi madadin magani kaɗai sun fuskanci haɗarin mutuwa ninki biyu da rabi, a sankarar mama kuma fiye da ninki biyar. Wani binciken na masanan a shekarar ya ga cewa masu haɗa hanyoyin taimako da maganin asibiti sun fi yawan ƙin wani sashe na maganin, kuma ta wannan ƙofar haɗarin ke shigowa. Ganyayyakin ma aka ce ta dakata da su, domin wasu kan sauya yadda hanta ke sarrafa kemo.

Yadda aka ƙare

Faklitaksel ba ya tayar da zuciya kamar haɗin farko, sai aka janye lorazefam da olanzafin. Ta karɓi duka 12. A mako na takwas yatsun ƙafarta suka fara mutuwa da jin kamar ana tsira musu allura, alamar maganin ya taɓa jijiyoyin ji. Ta tambaya ko surantawa za ta taimaka, aka ce a'a, likita ya rage adadin maganin. A wajen gashi dabarar ta sake yin rana, don ana buƙatar mutum ya kwanta bai motsa ba, hannu a sama, shi kaɗai a ɗaki na 'yan mintuna. Ta ce inuwar bishiyar take komawa har na'urar ta gama zagayenta.

Ma'aunin damuwarta ya sauka daga 8 zuwa 3 a ƙarshen magani, barci ya koma awa shida. Ba za a iya raba kason kowane abu a wannan sauƙi ba, tunda gyaran magungunan amai, dabarun zuci da sassaucin matsin dangi duk a mako ɗaya suka fara. Wata huɗu bayan gama gashi damuwar ta sake hawa zuwa 6, abin da ba baƙo ba ne idan zirga-zirgar asibiti ta tsaya mutum ya zauna da tunanin dawowar cuta. Tambayoyin tantance ciwon damuwa suka nuna ba ta kai ga buƙatar ƙwaya ba, aka yi mata ƙarin zama huɗu.

A duba na shekara guda, hoton mama bai nuna komai ba. Yatsun ƙafar sun farfaɗo, saura ɗan dindiris a babban yatsa na dama. Da nas ta buɗe kwalbar sifirit za ta ɗebi jini, majinyaciyar ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, ɗan ba ni minti ɗaya.” Ta rufe ido, ta ja numfashi sau biyar, ta haɗiye miyan da ya taru, sannan ta miƙa hannun dama.